Etil asitet na sa ni ciwon kai, kuma akwatin zuƙe tururinmu ya lalace. Ya zan yi?

Ɗalibar digiri na biyu:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina aikin bincike a kan ganyen sabara. Na tace sinadaran ganyen da etil asitet, wani ruwan sinadari da ake narkar da abubuwa da shi, yanzu ina da wajen lita ɗaya da nake so ya ƙafe, abin da na tatso ya zauna a ƙasa. Matsalar ita ce akwatin zuƙe tururi na ɗakin gwajinmu ba ya aiki, injin ƙafar da sinadari kuma yana wani sashe, layi ya yi tsawo. Duk ranar da na yi aiki da shi sai na tashi da ciwon kai da jiri, yatsuna kuma sun bushe har suna tsagewa, alhali ina sa safar hannu. Wata ƙawata ta ce in tafi da shi hostel in ɗora a kan risho, wuta kaɗan kaɗan, tunda ƙanshinsa kamar na maganin goge jan farce ne, ba guba ba ne. Lokaci ya ƙure mini. A taimaka da shawara don Allah.

Baba Mai Sito:
Wa alaikumus salam 'yata. Maganar risho a binne ta tun yanzu. Ƙawarki ta yi gaskiya a abu ɗaya: ana sa shi a wasu magungunan goge jan farce, kuma a cikin sinadaran narkarwa yana cikin masu sauƙin guba. Amma babban haɗarinsa ba a guba yake ba, a wuta yake. Tun daga digiri 4 ƙasa da sifili yake fitar da tururin da zai iya kamawa, ke nan a ƙasar nan babu ranar da ba a shirye yake ba. Yana tafasa a digiri 77. Tururinsa ya ninka iska nauyi kusan sau 3, saboda haka ba sama yake yi ba, gangarowa yake daga tebur ya bi ƙasa kamar ruwan da aka zubar a tsakar gida. Zai iya zuwa ya tarar da rishon maƙwabciyarki ko maganin sauro mai hayaƙi a can gefe, wutar ta biyo shi har cikin kwalbar. Kada ya bar ɗakin gwaji. Kada kuma ki sa shi a firij irin na gida, na'urar da ke kunna firij tana kashewa tana yin tartsatsi, tururin kuma a kulle yake a ciki.

Ɗan Ajin Ƙarshe:
Yaya ki riƙa shan madara bayan aiki, tana wanke sinadari. Ki sa takunkumi biyu. Mu a shekarar da ta wuce a rana muka shanya namu, muka kunna masa fanka.

Malamar Kemistiri:
Ƙanina, madara abinci ce mai kyau, amma ciki take shiga, tururin kuma ta huhu yake shiga jini. Ba sa haɗuwa. Takunkumin asibiti ko goma ka jera, tururin ratsawa yake. Wanda ke tare shi sai mai gwangwanin gawayi da aka yi musamman domin tururin sinadaran narkarwa, shi ma ba ya maye gurbin iska mai gudu.

Ke kuma ɗalibata, zo mu yi lissafi don ki ga abin da ido. Lita ɗaya ta etil asitet nauyinta kusan giram 900 ne. In ta ƙafe duka, za ta ba da tururi kusan lita 250. Ɗakin hostel mai mita 3 da mita 4, tsayi mita 3, iskar cikinsa lita 36,000 ce. Raba ki gani: kusan kashi 7,000 cikin miliyan. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta sa iyakarta a 400 cikin miliyan na aikin awa 8. Tarayyar Turai ta sa tata a 200. A 2,000 kuwa ana lissafa shi a matsayin haɗari na nan take ga rai da lafiya. Wuta tana kamawa ne idan tururin ya kai tsakanin kashi 2 da kashi 11 da ɗoriya cikin ɗari na iska. Za ki ce ai ɗakin gaba ɗaya bai kai nan ba. Haka ne, amma bakin tukunyar da ƙasan ɗakin sun kai, kuma nan ne rishon yake.

Ciwon kai da jirin nan su ne alamun da aka rubuta a takardar bayanin haɗari ta sinadarin: yana sa jiri da gyangyaɗi, yana ƙona ido. Hanci kuma sabawa yake yi. In kin daina jin ƙanshin, ba tafiya ya yi ba.

Abin da zan ce ki yi: ki je wurin malamin da ke duba aikinki ya rubuta wa wancan sashen takarda. Da wancan injin, a digiri 40 kawai za ki gama, kuma za ki dawo da mafi yawan sinadarinki cikin kwalba maimakon ki shaƙe shi, ga shi ba araha yake ba. In ya gagara, ki haɗa kayan tatar tururi na gilashi masu bututun sanyayawa, ki zaunar da tulun a cikin ruwan zafi na digiri 85 zuwa 90 da aka dafa a wani ɗaki aka kawo. Ki jefa ƙananan duwatsun tafasa, masu hana shi yin tsalle in ya tafasa, tun kafin ya yi zafi, kada ki toshe ƙarshen kayan, kuma kada ki bari ya ƙafe ƙarƙaf. Amma ki fara tambayar malaminki ko abin da kike nema a sabarar zai jure wannan zafin, don wasu sinadaran ganye lalacewa suke. Shanyawa a rana ma haka, haske kaɗai yana iya ɓata miki aiki.

Ɗalibar digiri na biyu:
Na gode Malama, na gode Baba. To safar hannun fa? Shuɗiyar nan ce ta naitiril, an ce ita ce mai kyau.

Baba Mai Sito:
Mai kyau ce ga abubuwa da yawa, ban da wannan. Siririyar naitiril mintuna kaɗan take yi etil asitet ya ratsa ta, ta robar latex ma ba ta fi ta ba. In ya ratsa sai ya kwanta tsakanin roba da fata, ya kwashe maiƙon fatar, shi ne tsagewar da kike gani. Ta butil ta fi riƙewa. In ba ki samu ba, ki ɗauki naitiril a matsayin kariyar fallatsi kawai: da zarar ya taɓa, cire, wanke hannu da sabulu, sa sabuwa. Da daddare ki shafa man kaɗanya ko basilin. Kuma 'yata, na san ɗalibai na wanke tabon hannu da shi. A daina.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙanwata, in ya fallatsa a ido, ruwa mai gudu na minti 15, ido a buɗe, sannan asibiti. Gilashin kariya ya fi wannan wahalar sauƙi. In jiri ya kama ki, fita waje ki sha iska, kada ki zauna ki ce zai wuce. In wani ya haɗiya bisa kuskure, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, don in ya koma huhu ya fi muni. A tafi da shi tare da hoton takardar jikin kwalbar. In kina da asma ko juna biyu, ki faɗa wa malaminki kafin ki ci gaba. Kada ki yi aikin ke kaɗai da dare.

Ɗan Kwana-kwana:
Hajiya, kafin ki buɗe kwalba ki duba tukunyar kashe gobarar da ke ɗakin, wace iri ce, kuma wa'adinta bai wuce ba? Mai hoda ko mai iskar CO2 ake so. Kada a watsa bokitin ruwa, etil asitet ya fi ruwa rashin nauyi, hawa zai yi kai ya bazu da wutarsa. In a ƙaramin kofin gilashi ya kama, a rufe bakin, zai mutu da kansa. In ya zube da yawa, a buɗe tagogi, a zuba yashi, kada kowa ya taɓa makunnin lantarki ko fanka. A lokacin hunturu kuma a kula da tartsatsin nan da ke fita in mutum ya cire riga. In ana juyewa daga duro, a haɗa duron da mazubin da waya zuwa ƙasa don hana irin wannan tartsatsin.

Ɗan Ajin Ƙarshe:
To na janye madara. Amma ragowar fa? A sinki muke juyewa.

Malamar Kemistiri:
Wajen giram 8 kawai ke narkewa a mililita 100 na ruwa, sauran yana kwance a bututu yana fitar da tururi. A nemi kwalbar gilashi, a rubuta sunansa da kwanan wata, a tara a ciki, dabam da ragowar kulorofom. Ba gorar lemo ba, yana cin wasu robobin, kuma wani zai iya kurɓa. A ajiye nesa da nitirik asid da sauran masu ƙara wa wuta ƙarfi, nesa kuma da tagar da rana ke bugawa. Ke ɗalibata, in kin zo wanke shi da ruwan bikabonet a mazurarin rarrabewa, ki riƙa buɗe famfon kina sakin iska bayan kowace girgiza, bakin yana kallon inda babu mutum.

Ɗalibar digiri na biyu:
Allah ya saka da alheri. Malamina ya sa hannu a takardar, an ba ni ranar Alhamis da safe a wancan sashen. Baba, kwalbar tana hannun mai kula da ɗakin gwajinmu, ya kulle ta a kabad ɗin ƙarfe. A ina ake samun safar butil, kuma lamba nawa zan ce?