Abin da ya sa wayar lantarki ba ta kashe tsuntsu

A wata hira da masu gyaran wuta a Tudun Wada, Kaduna, an tattauna yadda kurciya ke zama a kan wayar Nepa lafiya lau. Wasu sun ɗauka wayar na da rufin roba. Masu sana'ar suka ce a'a, yawancin wayoyin da ke kan falwaya tsirara suke.

Bayaninsu shi ne, wuta ba ta ratsa jiki sai ta samu hanyar wucewa daga wuri mai ƙarfi zuwa mai rauni. Ƙafafun tsuntsu biyu suna kan waya ɗaya, ƙarfin wutar a wajensu kusan ɗaya ne, sai ta bi wayar abinta. Amma da zarar ya haɗa waya biyu, ko waya da ƙarfen falwaya, shi ke nan. Shi ya sa jemage da manyan tsuntsaye masu faɗin fiffike suka fi mutuwa a can.

Mutum kuwa a ƙasa yake tsaye, jikinsa ne hanyar. Nan ne hankalina ya fi tashi, domin manyan layukan wuta masu ƙarfin 11kV da 33kV (wato volt dubu 11 da dubu 33) sun ratsa unguwanninmu, kuma irin wannan wuta tana iya tsallakowa tun kafin a taɓa waya. Masu gyaran wutar sun ja kunnen magina masu ɗaga rodi da masu kafa eriya su duba sama tukuna. Wayar da ta faɗi, musamman da damina, a nisance ta, a hana yara zuwa, a sanar da Kaduna Electric. Wanda wuta ta kama a gida, a kashe mita kafin a taɓa shi.