Vampyr: yaya ake ƙara ƙarfi ba tare da an sha jinin mutanen gari ba?

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan Vampyr ce, gem ɗin kamfanin Dontnod na Faransa da ya fito a 2018, wanda kake buga Dokta Jonathan Reid, likitan da ya dawo daga yaƙi ya wayi gari yana shan jini a Landan ta 1918, ana tsaka da annobar mura. Ina ƙarshen babi na uku kuma ban ciji ɗan gari ko ɗaya ba, don ina son labarin ya ƙare da kyau. To ga inda gizo ke saƙa: duk abokan gaba sun fi ni mataki, Mary kuwa, 'yar'uwar Reid da ake faɗa da ita a maƙabarta, ba ta bari in yi minti biyu. Sannan duk sanda na kwanta don in ƙara mataki, sai in tashi in tarar lafiyar unguwar Whitechapel ta sake faɗuwa. Akwai gyara, ko dole sai na zaɓi wanda zan cinye?

Baban_Pad:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba dole ba ne, ana gama shi ba a taɓa kowa ba. Amma fara da gadon nan, don shi ne agogon gem ɗin. Ko awa goma ka yi kana yawo a titi, dare bai wuce ba, cutar kowa ba ta ƙaru ba. Sai ka kwanta ka kashe makinka na ƙara mataki sannan gari ke juyawa: mai ciwo ciwonsa ya tsananta, mai lafiya ya kamu, wanda ka gani cikin haɗari ka ƙyale shi ya salwanta. Mai kwanciya duk sanda ya tara ɗan maki kaɗan, da hannunsa yake rusa unguwanni. Ka tara da yawa, ka zagaya da magani, sannan ka kwanta sau ɗaya ka kashe su gaba ɗaya.

Cututtukan tara ne, gida uku, kowane gida hawa uku. Gajiya tana komawa ƙarancin jini, shi kuma ya koma gubar jini. Mura tana komawa ciwon ƙirji, daga nan sai nimoniya. Ciwon kai ya koma na ɓari guda, ƙarshe ya zama ciwon jijiya. Kowanne da maganinsa, na mura ba ya yi wa mai nimoniya komai, kuma na hawa na farko ya fi arha wajen kayan haɗi. Shi ya sa ake tarar cuta tun tana ƙarama.

Kafin kowace kwanciya, buɗe shafin mutanen unguwa ka ƙirga wa ke da me. Je teburin aiki a maɓoyarka ka haɗa daidai adadin, da ɗan ƙari na gajiya da mura. Tarkacen da kake tsinta a akwatuna da aljihun gawa, kada ka sayar da su duka, a teburin ake wargaza su su ba ka kayan haɗi irin su kwinin da kodin, da ƙananan ƙarafa na gyaran makami. Abin da ya gaza ka saya da sule a wurin 'yan kasuwa. Ba a ba ka duk dabarun haɗin tun farko, akwai takardun da sai ka tsinto ka kai tebur ka bincika. Ta gidan ciwon kai ita mutane suka fi tsallakewa, tana jikin wata gawa a maƙabarta, don haka tunda kana can ka lalube ko'ina.

Layin da ba a so ka tsallaka shi ne kashi 50 cikin 100. In ka kwanta unguwa tana ƙasa da haka, ta tafi ke nan: mutanenta su ɓace, ayyukan da suka ba ka su mutu, 'yan kasuwa su tafi, dodanni su cika titi. Kuma gem ɗin da kansa yake ajiye wasa, wuri ɗaya tak, babu komawa baya.

Hajjo_92:
Malam Baban_Pad ya gama da batun unguwa. Ni a wajen faɗa nake ganin matsalarka, kuma ina kyautata zaton makaminka ne, ba matakinka ba. Wanda ba ya cin mutane zai kasance a ƙasa da abokan gaba har ƙarshen gem, haka aka gina shi, su da babi suke hawa, ba sa jiran ka. Abin da ke cike giɓin shi ne makami, don shi da ƙarafa ake ɗaga shi, ba da maki ba. Yana kaiwa hawa na 5. Zaɓi ɗaya ka zuba masa komai. Masu raba kayan gyara a kan makamai huɗu su ne ke zuwa wurin Mary da abin da ba ya yanka ko albasa.

A hawan gyara ana ba ka zaɓi, ko ƙarin illa, ko rage cin numfashi, ko jan jini a kowane sara, ya danganta da makamin. Zarton likita da aka sa wa jan jini yana da kyau ƙwarai ga irin wasanka, saboda kowane sara yana cika maka ma'aunin jini, kai kuma ka juya shi zuwa lafiya da Autophagy. A hannu na biyu, turke yana jirkita abokin gaba har ya durƙusa ka cije shi, wuƙar Liston kuma tana zuƙo jini kai tsaye ba sai ka jira ya faɗi ba. Cizon da ka yi a fagen faɗa ba ya shiga lissafin kisan mutanen gari. Ɓeraye ma haka, ka kama su ka cika jini kafin ka shiga wurin babban abokin gaba.

Wajen kashe maki, numfashi ne farko. Sara da kauce wa duka daga ma'auni ɗaya suke ci, kuma mafi yawan mutuwa a gem ɗin nan ta mutumin da ya yi sara huɗu ne ya rasa na tsalle. Sara biyu, ka ja baya. Bayan numfashi sai lafiyar jiki, sai Autophagy, sai dabarar kai hari guda ɗaya, ko Claws ko Bloodspear, kada ka ɗauki duka. Coagulation tana daskarar da abokin gaba na ɗan lokaci, tana da arha kuma tana ba ka sararin yin magani. Daga mataki na 10 ana buɗe manyan dabaru uku, Rage da Abyss da Blood Cauldron, ɗauki ɗaya.

Sannan ka riƙa kunna idon mai shan jini a kan kowane sabon abokin gaba. Yana nuna maka juriyarsa ga illa huɗu: sara, harbi, jini da inuwa. In alamar ta yi ja, kana ɓata ƙarfinka ne, canja hanya.

Ita Mary, ƙasa za ka riƙa kallo fiye da ita kanta. Furannin da take shukawa suna fashewa, kuma suna kama mai tsayawa wuri ɗaya yana jiran dama. In ka mutu, allurai da harsasan da ka yi amfani da su ba sa dawowa, don haka zagaye biyu ko uku na farko ka shiga ne kawai don koyon motsinta, kada ka taɓa allura ko ɗaya.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai. Lallai makamai uku nake ta ɗagawa tare. To maki fa, ina ake samunsu in ba a jini ba?

Mai_Lalube:
A bakin mutane, yallaɓai. Duk maganin da ka bayar da duk ƙaramin aikin da ka kammala yana ba ka maki, sirrin da ka gano game da ɗan gari kuma yana ƙara wa jininsa daraja. Sirrin yana fitowa daga hira da maƙwabta, daga wasiƙun da ke cikin gidaje, da kuma laɓewa ka kalli mutum da idon mai shan jini. Yi hattara da amsoshin da ke ɗauke da alama ta musamman a hira, in ka zaɓi wadda ba ita ba sirrin ya rufe har abada. Kashe Skal, ƙananan masu shan jini, da dakarun Priwen, mafarautan masu shan jini, a titi ba ya kawo abin kirki, kayan da suke zubarwa ne amfaninsu. Masu wuta da masu gicciye a cikinsu suna yin raunin da ba ya warkewa da kansa, sai da Autophagy ko allura.

Inda zan ɗan saɓa wa Baban_Pad: magani kaɗai ba ya riƙe unguwa. Kowace tana da ginshiƙi, Dorothy Crane a Whitechapel, Sean Hampton a tashar jiragen ruwa, Aloysius Dawson a West End, Dokta Swansea a asibitin Pembroke, kuma hukuncin da ka yanke a kansu ya fi kwalaben magani ashirin nauyi. Zaɓin da ya fi kama da tausayi ba kullum ne mai kyau ba. In ka shafe wa Dorothy tunani a babi na biyu, to ga dalilin faɗuwar Whitechapel ɗinka nan, sai dai ka yi ta tallafa mata da magani. Sean kuma in ka ƙyale shi haka nan, abin yana ɓaci daga baya. Ba shi jininka ne ke tsare shi, yana cin wasu maki, kuma zaɓin ba ya bayyana sai ka riga ka tono sirrinsa. Dawson akasin haka ne, mayar da shi mai shan jini yana cutar da West End.

In kuma wata rana ka gaji ka ce sai ka ci mutum, kada ka ci shi da ciwo. Warkar da shi, tono duk sirrinsa, a lokacin jininsa ya kai ƙololuwar daraja. Duba kuma waɗanda ke da alaƙa da shi a shafin unguwa, don mutuwarsa tana taɓa su, kuma in ɗan kasuwa ne shagonsa ya rufe. Akwai yanayin wasa mai sauƙi da aka ƙara a Satumba 2018, amma a farkon sabon wasa ake zaɓarsa, ba zai cece ka a babi na uku ba.