Muhawara: cewa "in nufinka ne" a kan mara lafiya, bangaskiya ce ko karaya?

Matashi: Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai. Za a taru a kan mara lafiya, a yi addu'a da zafi, can a ƙarshe sai wani ya ƙara da "amma in nufinka ne". A ganina mai faɗin haka ya riga ya karaya, uzuri kawai yake tanada ko da ba a warke ba. A Markus 11:24 Yesu ya ce duk abin da muka roƙa, mu gaskata mun samu. Yakubu 5:15 ya ce addu'ar bangaskiya za ta warkar da mara lafiya. To ina wurin wannan ƙarin?

Dattijo: Ɗana, himmarka ta yi mini daɗi. Amma wa ya koya mana addu'ar da kake zargi? Buɗe Matiyu 26. A lambun Getsamani Ubangiji Yesu ya faɗi rubda ciki, ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon wahalar nan har sau uku, yana cewa ba nufinsa ba, sai na Uba. Luka ya ce guminsa ya zama kamar ɗigon jini. Bangaskiyarsa ce ta gaza?

Matashi: Allah ya kiyaye, Baba. Amma shi don gicciye ya zo, ya kuma sani. Ciwon ƙoda ba gicciye ba ne. Ku duba sarki Hezekiya a 2 Sarakuna 20. Annabi Ishaya da kansa ya ce masa ya kintsa gidansa, mutuwa zai yi. Bai naɗe hannu ba. Ya juya fuskarsa ga bango, ya yi kuka mai zafi, Allah ya ƙara masa shekara 15. Da ya ce "shi ke nan, nufin Allah ne" fa?

Malamar makarantar Lahadi: Nan kam ɗan'uwa yana da gaskiya, kada mu danne ta. Akwai masu faɗin kalmar nan don gajiya, su huta da roƙo, alhali a Luka 18 Yesu ya kawo misalin gwauruwar da ta naci alƙali domin mu riƙa addu'a ba fasawa. Sai dai ka tuna kuturun nan na Markus 1:40. Ya durƙusa ya ce in Yesu ya yarda, yana da ikon tsarkake shi. Bai yi shakkar ikon ba ko kaɗan, yardar ce ya bar wa mai ita. Yesu bai tsawata masa ba, taɓa shi ya yi, ya ce ya yarda.

Mama: Ku bari in sa baki. Na yi jinyar maigidana har Ubangiji ya kira shi. Azumi na yi, dattawa sun zo sun shafa masa mai kamar yadda Yakubu ya umarta, da dare ina riƙe da hannunsa ina jiƙa masa leɓe da ruwa, ina roƙon a bar mini shi. Ban rage komai a roƙona ba. Bayan jana'iza, wani mai wa'azi ya zo gaisuwa, ya ce da na tsaya a kan alkawari ban yi shakka ba, da yana nan da rai. Ɗana, wannan maganar ta fi rasuwar yi mini ciwo. Na daɗe ban iya buɗe baki gaban Allah ba, ina ganin kamar ni na kashe shi. Abin da ya ɗaga ni labarin Dawuda ne a 2 Sama'ila 12. Ya yi azumi, ya kwana a ƙasa saboda jaririnsa, yaron ya rasu a rana ta bakwai, sai ya tashi ya yi wanka, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada.

Dattijo: Sannu, Mama, Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da ke. Abin da aka yi miki shi abokan Ayuba suka yi, a Ayuba 42:7 kuwa Allah ya yi fushi da su don ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Ɗana, amsa mini wannan. A Ayyukan Manzanni 12 Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, a sura ɗaya ɗin mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku. Wa ya fi wani bangaskiya? Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa sau uku, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Shi ne kuma ya bar abokin tafiyarsa Tirofimas ba lafiya a garin Militas.

Matashi: Mama, Allah ya ƙara miki haƙuri. Wanda ya gaya miki haka bai kyauta ba, ba na tare da shi. Amma Baba, tsorona yana nan. Na ga yadda mara lafiya ke jin "in nufinka ne", sai idonsa ya canza, ya ɗauka mun sallama shi.

Malama: To laifin yadda aka faɗa ne. Shadrak, Meshak da Abednego a Daniyel 3 da tabbacin Allah yana da ikon cetonsu suka fara, sannan suka ce ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mu sai mu yi tsalle zuwa ta biyun, ta farkon ko a raunane ba mu faɗa ba.

Matashi: Wannan na karɓa, Malama. Markus 11:24 ce har yanzu ba wanda ya taɓa mini.

Dattijo: Haɗa ta da 1 Yahaya 5:14, inda aka ce yana jinmu in mun roƙa bisa ga nufinsa. Wanda ya faɗi ta Markus ɗin, shi ne ya durƙusa a Getsamani a cikin makon da ya faɗe ta.

Matashi: Zan karanta su tare, Baba. Amma Yakubu 5:15 ba ta sa sharaɗin nan ba, ita ma ina jiran bayaninta.