Cin abinci a Mena House kusa da dalar Giza: zai yi wa tsohuwa mai ciwon gwiwa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Na kawo mahaifiyata Alƙahira aka yi mata aikin gwiwa, alhamdulillah tana samun sauƙi, tana takawa da sanda amma ba nisa. Muna zaune a Madinat Nasr. Tun muna jirgi take faɗi cewa ba za ta koma gida ba sai ta ga dalar Masar da idonta. Ita tashin Kano ce, ta ga dalar gyaɗa tana yarinya, kuma tun lokacin take jin ana cewa akwai wadda ta fi ta nesa ba kusa ba, ta dutse. Likita ya hana ta tafiya a rairayi da hawa tudu, raƙumi kuwa ba a ma maganarsa. An ce min akwai wani tsohon masauki, Mena House, da mutum zai zauna yana cin abinci dalar tana gabansa. Wanda ya san wurin ya taimaka: ana barin wanda bai kama ɗaki ba ya shiga? Akwai abin da tsohuwa za ta iya ci? Kuma wane lokaci ya fi?

Ɗalibin Azhar:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, kai kuma Allah ya saka maka da alheri. Ana shiga ba sai an kama ɗaki ba, amma ka kira tun kwana ɗaya ko biyu kafin nan a ajiye muku tebur, ka faɗa musu a fili kana son na waje mai fuskantar dala, kuma kana tare da mai ciwon ƙafa.

Wurin ya cancanci a je. Asalinsa gidan hutun farauta ne da aka gina wa Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, a 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwais. Daga baya wasu Turawan Ingila, mata da miji, suka saye shi suka mai da shi otal a 1886, suka sa masa sunan Mina, sarkin da ake cewa shi ya haɗe Masar ta kudu da ta arewa. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, nan aka yi taron da ya haɗa Churchill da Roosevelt da shugaban Sin Chiang Kai-shek. A ƙarshen 1977 kuma nan wakilan Masar da na Isra'ila suka zauna. Yanzu kamfanin otal-otal na Marriott ke tafiyar da shi. Amma ni duk wannan bai kai min zama a lambun ba. Dalar Fir'auna Khufu ce a gabanka, wadda ta kai mita 146 lokacin da aka gama ta shekara wajen 4,500 da suka wuce, kuma kusancin ya isa mutum ya riƙa ganin layukan duwatsun ɗaya bisa ɗaya.

Lokaci: safiyar Juma'a. Ranar hutu ce, titi babu cunkoso, ku bi Da'iri, babban titin da ya zagaye Alƙahira, a mota. Kada ka ɗora Hajiya a jirgin ƙasa na cikin gari saboda matakala, ga shi ko kun sauka a Giza sai kun sake neman mota ta bi Shari'ul Haram, titin da ke kaiwa wajen dala. Ku gama da wuri kai ka samu salla.

Maman Biyu:
Ƙanina, barka da jinya. Ni zan yi maka maganar abinci, don na san halin iyayenmu, in abu bai yi kama da na gida ba sai su ce sun ƙoshi. Karin safe ya fi mata. Akwai ful, wato waken da ake dafawa ya yi lugub a zuba masa mai da lemon tsami, ga ta'amiyya da ake soyawa daga markaɗaɗɗen wake da ganye, ga gurasarsu mai zafi, ƙwai, zuma, shayi. Babu abin da zai wahalar da haƙori. Nawa mahaifin da na kai, ful ɗin ya fi ci, ya ƙara da Ummu Ali, wani haɗin madara ne mai zafi da gyaɗar Larabawa da zabibi. In Hajiya tana da ciwon suga ka sa ido a nan, zaƙinsa da yawa.

In kuma rana kuka je, nemi mulukiyya da shinkafa. Lalo ne dai namu, sai dai su da tafarnuwa suke soya masa. Karkade kuwa zoɓo ne, za ta sha ba musu. Ka sa ɗan yajinka a aljihu, girkinsu ba ya da yaji.

Abu ɗaya da nake so ka sani tun daga gida: otal ne na baƙi daga ko'ina, ana sayar da giya, wasu kuma shigarsu ba irin tamu ba ce. Da safe abin ya fi sauƙi ƙwarai. Ka gaya wa Hajiya kafin ku isa, kada ranta ya ɓaci a wurin. In cikin sanyi ne, Disamba zuwa Fabrairu, ka ɗaukar mata mayafi mai kauri, iskar wajen tana shiga ƙashi, ga gwiwa sabuwar aiki.

Mai Shago a Ataba:
Malam, ban ƙi ta tasu ba, amma a faɗa maka gaskiyar kuɗi. Wurin na masu hali ne, kuma a kan farashin da ka gani za a ɗora kuɗin hidima kashi 12 da haraji kashi 14. Wanda ya biya kuɗin asibiti ya san yadda aljihu yake komawa. A Nazlatus Samman, unguwar da ke wajen ƙofar Abul Haul, wato gunkin dutse mai kan mutum da jikin zaki, akwai gidajen abinci a saman benaye da za ka ga dala ukun gaba ɗaya, ka ci gasasshiyar kaza ko tattabara mai cushen shinkafa da kuɗi kaɗan.

Maman Biyu:
Alhaji, saman bene fa ka ce. Matar da aka yi wa aikin gwiwa? Yawancin gidajen nan matakala ce ƙunci, ga masu dawaki da masu talla sun tare hanya tun daga bakin titi. Ga matasa shawararka ta yi. Ita kuwa a biya tsadar, mota ta shiga da ita har ciki.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka, ta ce a gaida Maman Biyu, batun lalon nan ya faranta mata. Alhaji, naka ma bai faɗi ƙasa ba, ni da ƙanina za mu gwada benen wata rana. Gobe zan kira su in nemi Juma'a mai zuwa da safe, in tambaya ko suna da keken marasa lafiya. Malam na Azhar, in kana da direban da ka yarda da shi wanda zai jira mu ya dawo da mu, don Allah ka turo min ta akwatin saƙo.