Neman wanda zai ɗora a kan manhajar da wani ya gina

Mai kago a Jidda: Assalamu alaikum. Ina da manhajar da muke rubuta kayan da ake aikawa Kano, an gina ta da Laravel, wani tsarin gina manhajojin intanet, wanda ya gina ta kuma ya koma ƙasarsu. Yanzu ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, ta sanar da mu cewa lokacin haɗa faturarmu, wato rasidin cinikinmu, da tsarinta na intanet mai suna Fatoora ya yi. Ba sabuwa nake so ba, wanda zai karanta aikin wani ya ɗora a kai nake nema. Ina ake samun mai amana, nawa ne kuma daidai?

Ɗan'uwa daga Riyad: Alhaji, ka bar tsohuwar, a gina maka sabuwa a kan riyal 3,000.

Hajiya daga Makka: Alhaji, kafin maganar kuɗi, ka duba sunan wa aka yi wa shafin rajista da shi. Ni ɗan ƙawata na ba aikin shafin masaukinmu, ban rubuta ko layi ɗaya na yarjejeniya ba saboda kunyar uwarsa, na biya shi 12,000 gaba ɗaya. A goman ƙarshe na Ramadan, masu Umara na tsaye da jakunkunansu a bakin ƙofa, shafin ya mutu, wayarsa kuma a kashe. Ashe sunan shafin da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, dukkansu da imel ɗinsa ya buɗe su. A littafi muka koma rubuta ɗakuna har bayan Salla.

Ɗalibi a Madina: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Alhaji, ka buɗe GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, da sunanka, ka fara gwada mutum da ƙaramin gyara, ka biya shi kashi-kashi. A Mostaql, shafin ɗaukar masu aiki ta intanet, ana riƙe kuɗin sai an miƙa aiki. Abin da aka ce maka na 3,000 ba zai yiwu ba, haɗin faturar kaɗai na ga an biya 7,000.

Ɗan'uwa daga Riyad: Yaro, ka taɓa biyan ma'aikaci da kuɗinka?

Wani daga unguwar Karantina a Jidda: Littafin Hajiya dai bai taɓa neman lambar sirri ba!

Hajiya daga Makka: Ku bar yaron, gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da na ce zan kai ƙarar ɗan ƙawar tawa, dattawa suka zo har gida suna roƙo, wai iƙamarsa, wato takardar zamansa, ba ta wannan sana'a ba ce, zan jawo masa kora. Har yau uwarsa ba ta gaishe ni.

Mai kago a Jidda: Na duba yanzu, nawa ma ba da sunana yake ba.