Musayar Waƙa: Ga Wuta, Ga Icce, Ina Rago?

Ɗan Adar, daga Tawa:
Salama jama'a. Ga nawa a kan Littafin Farawa sura 22 na Littafi Mai Tsarki, inda Allah ya ce Ibrahim ya miƙa ɗansa Ishaku hadaya a ƙasar Moriya, mai amsa ya amsa.

Kwana uku Ibrahim na tafe, bai furta ba,
Ishaku ya ɗau icce, bai san nufin tafiyar ba,
Ya ce, Baba, ga wuta ga icce, ban ga rago ba.
Ni dutsen Moriya da nake hawa ba a taswira take ba,
A ƙirji take, wurin abin da ban iya saki ba.
Wanda ya riƙe da ƙarfi bai taɓa barci mai daɗi ba.

Gwaggo, daga Tawa:
Ɗana, sannu da hikima, amma tsaya ka saurara,
Raƙuman Ayuba dubu 3 Kaldiyawa suka kora,
'Ya'ya 10 gida ya rufta musu, ba wanda ya tsira,
Ya zauna a toka, da tsingaro yana ƙanƙara.
Maris 2021, mutum 137 a harin Tiliya ta jihar Tawa aka rasa,
Je ka ce wa gwauruwarsu a zuciya abin ya tsaya!
Abokan Ayuba kwana 7 suka yi ba magana,
Sai da suka buɗe baki ciwonsa ya ƙaru, ɗana.

Malamin Lahadi, daga Yamai:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, zancenki na kan hanya.
Samari uku a Babila suka tsaya gaban sarki,
An zuga tanderu ninki 7, wuta tana aiki,
Suka ce Allah na iya ceto, ko bai yi ba mun ƙi gunki.
Janairun 2015 na ga majami'armu cikin hayaƙi,
Maƙwabcina musulmi ya ɓoye mu cikin ɗaki,
Matata na rawar jiki, tana rera zabura a hankali.
Wutar ta ci benci da rufi da littafin waƙa,
Ba ta kai inda muryar nan ke fitowa ba.

Ɗan Adar:
To Gwaggo, ai nan na dosa tun farko.
Iskar da ta kaɗa Bitrus almajirin Yesu gaskiya ce, ba mafarki ba,
Yana tafe bisa ruwa, guguwar ba ta kwanta ba,
Da ya juya ya dubi iska, ƙafa ba ta riƙe shi ba.

Gwaggo:
Na ji, ɗana, amma hannu aka miƙa aka ciro shi,
Ba a tsaya ana wa'azi ruwa na shanye shi ba.
Mai yunwa ba ya jin aya sai an sa masa tuwo.
Akwai baƙi a unguwarmu da suka baro garkensu,
Ranar Lahadi kowa ya zo da tiyar hatsi a ba su.
Malam, kai ma daga Yamai ka aiko da naka a mota.