Haƙoran roba na baki gaba ɗaya, yaushe ake sabawa?

Mai tambaya: Salam jama'a, dan Allah a taimaka. Sati 1 kenan da aka sa wa babana haƙoran roba sama da ƙasa, yawu ya ƙi tsayawa, na ƙasan sai motsi yake in yana magana, har ya ce shi zai ajiye abinsa. Haka abin yake ne?

Wata 'yar uwa: Wslm, haka yake wlh, nima da farko kamar na sa dutse a baki, sai da na yi wajen wata ɗaya kafin na saba. Na ƙasan dama ya fi rawa saboda harshe na ture shi. Ya fara da abu mai laushi, ƙananan loma, ya riƙa tauna ta gefe biyu lokaci guda.

Wani dattijo: Ɗana, in yana ji masa ciwo a dasashi ku koma gun likita ya gyara, kar ya kankare da kansa. Da dare ya cire ya jiƙa a ruwa, banda ruwan zafi, yana lanƙwasa shi. Buroshi mai laushi kuma, man goge baki yana karce robar.

Mai tambaya: Ashe! Shi da abin yake kwana. Na gode Baba, Allah ya saka.